Rufin Tamfol

Sunana Efren, mai hawan ƙarfe.
Aikina rataya fuskoki a saman Manila.
Da asuba nake ɗaura igiya a ƙugu,
in hau har inda tsuntsu ke hutawa,
in warware mace mai tsawon bene shida,
haƙorinta ɗaya ya fi ƙofar ɗakina.

Daga can sama, titin Edsa kogi ne da ya daskare,
motoci hanci da wutsiya, ba gaba ba baya.
Kowa ya gaji, kowa ya ɗaga kai.
Wannan gajiyar ita ce gonarmu.
A cikinta muke shuka soyayyiyar kaza,
da wayar da ta fi ta bara da ido ɗaya,
da gida mai tafkin wanka, "biya sannu-sannu."

Ni da na san ƙusar da ke bayan murmushin,
na san tsatsar, na san kashin tsuntsu a kafaɗar kyakkyawa,
na ɗauka na fi ƙarfin kiranta.
Ashe mai haƙa rijiya ma ƙishirwa na kama shi.
Ran Juma'a aka biya mu, sai ga ni a layi
ina sayen takalmin da na rataya ran Talata.
Ƙafata ba ta nema ba. Idona ne ya ci bashin.

Gida ma sun riga ni isa.
Suna jikin jifni, suna bakin rediyon direba,
suna kan laimar mai soya ayaba,
suna reto a kantin Aling Pasing,
inda ake yanka sha'awa ƙanana-ƙanana,
sabulun gashi a 'yar leda, na wanka ɗaya,
don kada talaka ya ce ba a yi da shi ba.
Ɗana Isagani bai haddace addu'ar barci ba tukuna,
amma waƙar tallar taliya, har da amshi.

Sai guguwa ta yi sallama daga teku.
Aka ce mu hau mu naɗe su duka kafin dare.
Kwana biyu birnin yana tsaye tsirara,
ƙarafa zalla, kamar ƙayar kifin da aka cinye.
Na ga sama ta tsakaninsu. Na manta faɗinta ya kai haka.
Wata tsohuwa a kan gada ta ja hannun rigata:
"Yaro, dama akwai duwatsu can?"

Iskar ta tafi da kwanon rufinmu.
Shugaban aiki ya ba ni tsohon tamfol, ladan gumi,
muka shimfiɗa kan katako, muka danne da tayoyi.
Yanzu in mun kwanta, fuska ce a samanmu,
rabin kumatu, ido guda, fara sol kamar cikin kwakwa,
da rubutu a guntule: "...cikin mako biyu kacal."
Ruwa ba ya zuba.
Alkawarin da ba ta ɗauka ba, shi kaɗai ta cika.

Shekaranjiya na ga Liwayway, shekararta goma sha uku,
kwance rigingine, ta miƙa hannu sama
tana gwada fatarta da ta rufin.
Ta juya hannun. Ta sake juyawa.
Ba ta ce komai ba.
Kuɗin motarta na mako
ya zama 'yar kwalba a ƙarƙashin matashi,
makaranta kuwa a ƙafa.

Na ce zan kife tamfol ɗin, fuskar ta kalli gajimare.
Perla ta ce in bari damina ta wuce,
kada mu tone abin da ke rufa mana asiri.
Na yi shiru. Idon nan guda bai ƙifta ba.

Gobe akwai aiki.
Sabuwar fuska ta iso a naɗe,
an ce ta fi waccan haske.
Na duba igiyata, ƙullin yana nan daram.
Zan hau.